Ruwan da Kaka Ta Miƙa wa Manaja

Duk ranar da motar haya ta bi da ni ta Challawa, tun kafin in hango katangun kamfanoni hancina yake sanar da ni. Wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai gauraye da ƙaurin gashi. Sauran fasinjoji su toshe hanci su yi tsaki, ni kuwa ƙafafuna ne suke fara ƙaiƙayi a cikin safa. Da za ka ga tabon da ke ƙwaurina sai ka rantse gobara ce. Ruwa ne ya yi shi.

Shekarata tara a lokacin, zamanin da wayar hannu ta fara shigowa, mai ita har rataye ta yake yi a wuya. Muna zaune a gidan haya bayan wani kamfanin jimar fatu. A nan babana yake aiki, amma kashuwal ne, wato kullum da safe sai ya tsaya a bakin get, a zaɓe shi ko a ce ya dawo gobe. Kakata, wadda ta haifi Baba, ba ta taɓa iya faɗin kalmar ba. "Kashewa" take cewa, kuma ko an gyara mata sai ta ce ita dai abin da ta ji ke nan.

Kwatar kamfanin ta bayan gidanmu ta bi. Mu yara ruwan kala muke ce wa abin da ke gudana a ciki, don yau shuɗi, gobe ja, jibi kore mai kumfa. Da rani tsallakewa muke yi. Wata damina aka wuni ana ruwa, kwatar ta tumbatsa ta shigo mana tsakar gida, ni kuma na kutsa ciki har gwiwa ina kwaso kwanukanmu. Kwana uku fatar ƙafafuna ta fara saɓulewa kamar ɓawon dafaffen dankali. Da aka yi mako ba na iya tsayuwa, ga zazzaɓi, ga wari. Mai kemis ya duba ya ce wa Baba idan abin ya kai ƙashi, sai dai a yanke.

A cikin kamfanin akwai ɗakin magani da nas, tafiyar minti biyar daga gidanmu. Baba ya goya ni har get, mai gadi ya ce a nuna kati. Kashuwal ba shi da kati. Haka ya goyo ni muka dawo gida.

Ba ni kaɗai ba ce. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Filato mai sayar da shinkafa da wake a bakin get, wadda duk gidan muke kira Mama, ɗanta ma haka ƙafarsa take. Ita ta rubuta takardar koke, dattawan unguwa suka kai. Amsar da suka dawo da ita, wai manaja ya ce ana tace ruwan kafin a sake shi, ko shan sa aka yi ba abin da zai yi wa mutum. Kaka tana tsince wake ta ji wannan maganar. Ta ajiye faifan, ta ce a maimaita mata.

Kwana biyu Kaka da Mama suna bin gidaje, ita ta ɗauki matan Islamiyya, Mama ta ɗauki matan coci. Ranar Litinin da safe suka zauna a kan hanyar shiga kamfanin. Mama ce ta goya ni. Kaka ta riƙo ƙwaryar da take ba baƙi ruwa a ciki, wadda ko taɓawa ba ma yi, a rufe da sabon faifai.

Motar manaja ta iso ta rasa hanya, ya fito cikin farar shadda. Kaka ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga ƙwaryar da hannu biyu.

"Sannunku da zuwa, ranku ya daɗe. Ga ruwa."

Ɗan gida ne, ya sha tarbiyya, kuma wanda ya tashi a ƙasar nan ba ya barin hannun tsohuwa a miƙe. Kafin ya yi tunani hannuwansa sun karɓa. Ya ɗaga faifan, sai ga shuɗin ruwa da kumfa.

"Iya, mene ne wannan?"

"Naku ne. An ce kun ce ana sha. Bismilla."

'Yan kashuwal da ke layi suka kwashe da dariya, kuma na tabbata dariyar nan ce ta jawo mana. Ya buga ƙwaryar da ƙasa, ruwan ya fantsama a shaddarsa, ya juya ya yi wa masu gadi alama da hannu.

Da gora suka fito, da kulki, da yankan tiyo. Ba su tsaya zaɓe ba. Na ga wata mai ciki tana rarrafe ana bin ta da duka. Na ga bakin wata ya fashe, tana tofar da jini da haƙori. Aka ture Mama muka faɗi tare, ta kwance ni ta kifa a kaina, duk tiyon da ya sauka a bayanta ina jin sa a ƙirjina. Ta ƙarƙashin hammatarta na hango Kaka ta miƙa hannu tana tattara sakainar ƙwaryarta. Gora ta sauka a kan hannun. Ƙarar kamar an taka busasshen kara, kuma na ga farin ƙashi ya leƙo.

Baba ya fito daga layi, sauran suka biyo shi da duwatsu. Gilashin motar ya tarwatse, kan Baba ya fashe, jini da ruwan kala suka haɗu a ƙasa. Ana cikin haka nas ɗin kamfanin ta ture mai gadi ta buɗe ƙaramar ƙofa, ta nufi Kaka da bandeji. Kaka ta janye jikinta.

"Jikata tukuna. Don ita na zo."

Haka na shiga ɗakin maganin nan ba kati. An yi wata biyu ana wanke mini ƙafa, kuma ga su nan ina tafiya da su. Ba a sake zaɓar Baba a layi ba, ya koma acaɓa. Matan kuwa ba su zauna ba. Duk mako suna sakatariyar ƙaramar hukuma, Kaka a gaba da hannu a rataye, har aka rufe kwatar da siminti, aka kuma yarda a riƙa duba yaran unguwa kwana biyu a mako.

Yau kamfanin a rufe yake, awaki ne ke kwana a bakin get. Kamfanonin da ke maƙwabtaka da shi suna nan suna sakin nasu ruwan, shi ya sa ba a yin taron unguwa ba tare da ni ba, har ana ce mini mai baƙar magana. Na yarda, gado na yi.

Hannun Kaka na dama a lanƙwashe ya haɗe, bai ƙara ɗaukar ko moɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ta yi bayan nan, kuma duk baƙon da ya shigo ita ke tashi ta ba shi ruwa, ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri da hagu." Wannan kalmar har gobe tana ƙona mini rai. Ta ba mutane haƙuri a kan hannun nan har ta koma ga Allah, ita kuwa ba wanda ya taɓa zuwa ya ba ta.