Rijiya da Kududdufi

Har yau idan na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci, duk da shekaru sun ɗan ja. A lokacin ina koyarwa a firamare a Ajingi, ina kuma ƙaro karatu ta intanet daga gida. Layi ɗaya ba ya riƙe ni, don haka na ajiye 'yan akwatunan intanet biyu, kowanne da sim ɗin kamfani daban. Farin yana da ƙarfi, amma sai an rataye shi a ƙusa ta jikin tagar gabas yake kamawa. Baƙin kuwa ko'ina yana kamawa, sai dai tafiyar hawainiya.

Sati biyu na yi ina fama da kwamfutata kafin na raba musu aiki. Manhajar da muke shiga aji ta bidiyo na ɗaure ta a kan farin, ita kaɗai. Sauran tarkace, hira da saƙonni da sabunta manhajoji da kwamfuta ke yi ba da izinin kowa ba, duk na kora su baƙin. Wayoyin mutanen gida ma can na tura su. Da aka zo sa suna, sai na ce farin Rijiya, baƙin Kududdufi, tunda ɗaya na sha ne, ɗaya na wanki. Na yi dariyata ni kaɗai, ban taɓa kawowa a raina cewa sunan yana fitowa a wayar duk wanda ya shigo gidan ba.

Jarrabawar baka ta ƙarshe ta faɗo ranar kasuwar Ajingi. Malamai uku za su yi min tambayoyi ta bidiyo, minti talatin, wanda ya faɗi kuma sai zango mai zuwa. Na gaya wa kowa. Na gaya wa yayana, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, har sau uku.

Da hantsi sai ga Kawu daga Balan, ƙanin mahaifiyarmu, ya kawo gyaɗa kasuwa ya biyo da abokan cinikinsa huɗu su huta a zaure. Na fito na gaishe su na koma ɗaki na rufe ƙofa. Abin da ya faru a zauren daga baya na ji shi. Kawu ya nemi a haɗa masa waya, Yaya ya ce ya danna Kududdufi. Kawu ya ɗaga wayar ya ga suna biyu.

"To, mu ne na kududdufi ke nan," in ji shi. "Rijiyar ta masu gida ce."

Da wasa ya faɗa, kowa ya san bakin Kawu. Amma Yaya kunya ta kama shi a gaban baƙi. Ya zagaya ta bayan tagata, ya juya farin akwatin, ya karanta kalmar sirrin da ni da wautata na manna a ƙasansa, ya je ya raba wa mutum biyar.

Ina tsakiyar amsa tambaya ta biyu fuskar malamar da ta yi tambayar ta daskare a allon kwamfuta, bakinta a buɗe. Muryata ta dinga dawo min a gutsuttsure. Na duba kwamfuta, komai na nan yadda na tsara, manhajar tana kan Rijiya. Daga zaure kuwa ina jiyo wa'azi a wata wayar, kiɗa a wata, wani yana kiran ɗansa ta bidiyo yana nuna masa buhunan gyaɗa. Sau huɗu ina shiga tana fitar da ni. A na biyar aka rubuto min cewa lokacina ya ƙare.

Na fito na kira Yaya gefe.

"Yaya, wa ya ba su Rijiya?"

"Ni. Ke yanzu ƙanin uwarki za ki tura kududdufi? A gidan nan?"

"Na faɗi jarrabawa, Yaya."

"Sai ki sake. Ina ce intanet ɗin ba ƙarewa ya yi ba."

Wannan maganar ta fi faɗuwar ƙona min rai. Wata huɗu na karatu bayan na taso daga makaranta a gajiye, shi a wurinsa bai kai kunyar minti ɗaya a zaure ba. Haƙuri ma bai ba ni ba. Ni aka sa na je na ba Kawu haƙuri a kan suna, Kawun da ya riga ya manta ya yi maganar.

Washegari na musanya sunayen. Farin ya koma Kududdufi, baƙin Rijiya, na kuma ɓare takardar kalmar sirrin nan na ƙona. A zango na gaba na ci jarrabawar a cikin Kududdufi, ba wanda ya leƙo.

Har gobe idan an yi baƙi, Yaya da kansa yake karɓar wayarsu ya haɗa su da Rijiya, yana gaya musu shi ya koya min mutunta baƙo. Su zauna suna jiran hoto ɗaya ya buɗe, suna yi masa godiya.