Abin da Na Ji a Bayan Muryarsa

Shagona na ɗinki a kasuwar Bodinga yana jikin na wani mai tura fina-finai a waya. Bawan Allahn nan ba ya duba abin da yake turawa. Na ce ya sa mini fim ɗin faɗa, ya loda mini wani na mutanen Japan wanda ko mari ɗaya babu a ciki, kuma ba fassara. Iyakar abin da na gane, wata cuta ce ta shiga garinsu tana ɗauke mutane, su kuwa makaɗan fim ɗin ba ganga ba garaya, sai yawo suke suna naɗar ƙarar kwanon rufi da zarto da rediyon da ya rasa tasha. Su haɗa su saki a lasifika har haƙoran mutum su yi tsami. Na zagi fim ɗin, na zagi maƙwabcina, amma na kalle shi har ƙarshe.

Abin da ya bar mini shi ne mugun kunne. Na koma idan ana magana ba maganar nake saurare ba, abin da ke bayanta nake bi. Ban so hakan ba ko kaɗan.

Da zafi ya kankama a shekarar, sanƙarau ya ɓulla a ƙauyukan Shagari. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana aure a Horo Birni. Aka aiko mini cewa zazzaɓi ya kama ta, wuyanta ya ƙi juyawa, an kai ta asibiti a Shagari. Na je na leƙa ta ta taga, don an hana cinkoson 'yan dubiya. Mijinta ya ce in koma bakin aikina, zai riƙa sanar da ni.

To, mu dai an san mu. Ko mutum na shure-shuren mutuwa, ka tambayi jikinsa, amsar ɗaya ce: da sauƙi. Kuma ba a faɗa wa ɗan'uwa rasuwa a waya, sai a ce ya zo. Mijin yayata dattijo ne mai riƙe da wannan ɗabi'a gam. Kullum na kira, da sauƙi. Sai na daina jin ta bakinsa. Ina jin janareta, da ƙugin gadon ƙarfe, da wani jariri mai kuka a shaƙe. Muddin ina jin waɗannan, na san tana asibiti, tana numfashi. Tsoro nake ji sosai, ban gaya wa kowa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi na kira.

"Malam, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ba janareta. Akuya na ji, da kurciya, da takalman maza da yawa a kan yashi.

"Kun koma gida ne?"

"Awo, mun komo. In ka samu mota ka taho, tana son ganin ka."

"A ba ta wayar in gaishe ta."

"Ta samu kwana yanzu, kada a tashe ta."

A nan ne, can bayansa, wani ya yaga yadi. Yaga mai tsawo, daga baki har baki. Tun ina saurayi nake yaga yadi da hannuna. Shadda ba ta wannan kukan, atamfa ma ba ta yi. Farin alawayyo ne sabo, mai sitaci. Aka sake yagawa.

Na tsayar da keken ɗinkin da ƙafata ke kai.

"Malam," na ce, "don Allah kada ku kai ta sai na iso."

Da ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"To ka yi hanzari, ƙanena. Rana na yi, mutane sun taru."