Zaliha Mai Kayan Ciki da Ciwon Bayanta

Duk wanda ya saba shiga layin mahauta a kasuwar Dembe ya san Zaliha, in bai san sunanta ba ya san muryarta. A unguwar Marjandafak aka haife ta, ubanta mahauci ne, kuma tun tana budurwa ta gaji sana'ar uwarta, wato sayar da kayan ciki. Mijinta Hamani mutumin Nijar ne mai fataucin shanu, rabin shekara yana hanya, saboda haka gidan a wuyanta yake.

Kullum da asuba tana mayanka. Ta sayi tumbi da hanji da huhu da saifa, ta sunkuya a kan daro tana wankewa da hannu tsirara har rana ta ɗaga. Wani lokaci a farke saniya a sami ɗan tayi a cikinta, ita ke janye shi gefe da mahaifar gaba ɗaya. In ta gama ta ɗora daron a ka, ta tsaya bakin titi jiran mota. Doguwa ce a lokacin, miƙaƙƙiya kamar giginya.

Ciwon ya fara ne a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, bayan ta yaye ɗanta na uku. Wani abu ne ya riƙe mata ƙugu kamar an kafa ƙusa. Da la'asar zazzaɓi ya rufe ta, ta wayi gari zanenta sharkaf da gumi. Sai ya lafa, ta ce ta warke, bayan 'yan makonni ya dawo.

Wadda ta fara gaya wa ita ce Hassana, yayar mijinta.

"Yaya, bayan nan zai kashe ni."

Hassana ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafa. "Wace mace ce ba ta ciwon baya, Zaliha? Haihuwa ce. Ki ɗaure da ɗankwali ki tashi."

Ta ɗaure, ta tashi. Da Hamani ya dawo ya ga tana dafa bango kafin ta miƙe, sai ya kira Yunusu wanzami. Yunusu ya kafa mata ƙaho, ya tsattsaga bayan, ya nuna wa maigidan baƙin jinin da ya fito, ya ce ai ga mataccen jinin da ke damun ta. Bai tambaye ta komai ba, da Hamani yake magana. Da ciwon ya dawo, Yunusu ya ce sai lalas. Aka sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, mata biyu suka danne ta, aka ɗana mata a ƙugu. Ƙaurin fatarta ya cika tsakar gida. Ƙunar ta warke ta bar tabo, ciwon yana nan inda yake.

Daga nan sai masu yawo da magani a kwali, waɗanda mutanen gari ke kira dokta shuku. Ɗaya daga cikinsu ya mai da ita abokiyar ciniki, yana tsira mata allura a bayan rumfa. Allurar kan kwantar da ciwon yini guda, har wata rana wurin ya kumbura ya tara ruwa, ta yi makonni tana kwanciya a gefe ɗaya. Wani malami kuma ya buga ƙasa ya ce jifa ne, kuma Shatu ce maƙwabciyar rumfarta ta yi shi. A nan Zaliha ta fara nuna halinta.

"Shatu da muke cin tuwo a kwano ɗaya? Malam, in ba ka san ciwon ba ka ce ba ka sani ba. Kada ka haɗa ni gaba da baiwar Allah."

Ta kwashi takalmanta ta fita, Hamani yana bin ta yana ba malamin haƙuri.

Ba wai ba ta je asibiti ba. Akwai wani ƙaramin ɗakin shan magani kusa da unguwarsu, ta je har ta gaji. Ma'aikacin da ke wurin, wani mai farar riga da tabarau, yakan tambaye ta da Larabcin da ake yi a garin, idonsa a kan tebur, "Me ke damun ki?" In ta ce baya da zazzaɓi, kafin ta rufe baki ya ce, "Zazzaɓin sauro ne." Ya ba ta kinin da ƙwayar kashe zafi, ya ce ta rage aiki, ya kira na gaba. Kunnuwanta suka yi ta ƙugi da kinin shekara da shekaru. Ta rage aiki kuwa, yaran su ci me? Ko sau ɗaya mutumin nan bai ce ta juya ya ga bayan ba.

Ta rame, ta fara rankwafawa. A kasuwa masu barkwanci suka soma kiran ta tsohuwa alhali ba ta kai arba'in ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ranar da ta ji Hassana tana ce wa Hamani, "Har da son jiki fa. Ka cika lallashi."

Cikin shekarun farko na dubu biyu, wata safiya tana saukowa daga mota da daro a ka, ƙafarta ta hagu ta mutu. Ta zube a bakin kasuwa, hanji da tumbi suka watse cikin ƙasa. Shatu ce ta aika aka kira Ni'imatu, babbar 'yar Zaliha da ke aure a unguwar Mursal. Ni'imatu ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ɗauki tasi ta kai uwarta babban asibiti.

Likitar da suka samu wata 'yar kudu ce, gajera, mai magana a hankali. Ta sa Zaliha ta kwanta ruf da ciki, ta tsaya tana kallon tabon tsaga da na ƙuna. Sannan ta bi ƙashin bayan da yatsa, gaɓa bayan gaɓa, har ta zo wani wuri Zaliha ta ƙwalla ƙara. Ta sa ta juya rigingine, ta ɗaga mata ƙafa a miƙe, ta ƙwanƙwasa gwiwa, ta tsikari tafin ƙafar da tsinke tana tambaya ko tana ji. Ta tambayi fitsari da bayan gida, ko suna zubo mata ba ta sani ba. Ta tambayi tari, ta tambayi rama, ta tambayi lokacin da zazzaɓin ke zuwa.

"Mece ce sana'arki, Uwa?"

"Kayan ciki nake wankewa."

"Da hannu haka? Kina shan madara ba a tafasa ba?"

"Kowa ma yana sha."

Likitar ta tura su ɗaukar hoton ƙashi da gwajin jini. Da sakamako ya fito ta ɗaga hoton a jikin taga, ta nuna musu gaɓoɓi biyu na ƙugu da suka cinye ta gefe, suka matse juna. Ta ce ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga dabbobi, ta jini da mahaifa da ɗanyar madara, irin wadda ke sa shanu ɓari. Ta shiga jiki ta zauna a ƙashi. Sunkuyo da ɗaukar kaya sun ƙara, amma ba su ne tushen ba. Akwai magani, ƙwayoyi na watanni da allura a makonnin farko, da ɗamarar riƙe ƙugu, da motsa jiki da za a koya mata.

"Zan miƙe kamar da?" in ji Zaliha.

"Zazzaɓin zai tafi, ciwon zai ragu sosai. Amma abin da ya cinye ba zai dawo ba. Da an gano da wuri, da bai kai ƙashi haka ba."

Ni'imatu ta fashe da kuka. Zaliha ba ta yi kuka ba. Hannu ta miƙa ta karɓi hoton ta riƙe.

Ta sha maganin bai tsallake mata ko yini ba, duk da tashin zuciyar da yake sa ta. Da ta fara iya takawa da sanda, wurin farko da ta nufa shi ne ƙaramin ɗakin shan maganin nan. Mai tabarau yana nan, ya yi furfura. Ta bi layi har aka zo kanta.

"Me ke damun ki?" Idonsa a kan tebur.

Ta buga hoton a gabansa har alƙalaminsa ya faɗi ƙasa. "Ɗago ka dube ni! Ka san ni?"

Ya ɗago, bai gane ta ba.

"Shekaru nawa ina zuwa nan kana ɗura mini kinin? Hannunka ciwo yake yi da ba za ka taɓa bayan mutum ba? Ko ƙarnin nama nake yi maka? Ga sauron naka nan, dube shi, ya cinye mini ƙashi!"

Mutumin ya fara cewa marasa lafiya sun yi yawa, shi kaɗai ne, ba shi da na'urar hoto. Ta ce ba na'ura ta nema a wurinsa ba, baki gare shi, da ya ce mata abin ya fi ƙarfinsa ta tafi gaba. Wata tsohuwa a layin ta ce, "Yi haƙuri, 'yata." Zaliha ta juyo kanta. "Haƙurin ne ya mai da ni haka, Inna."

A gida ma ba ta raga wa kowa ba. Hamani ya ce ƙaddara ce, ta ce ta yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta riƙe ƙarfen wuta ba. Hassana ta zo dubiya da kwanon fura, Zaliha ta amsa gaisuwarta, ta tambaya ko an tafasa madarar da aka yi nonon da ita, da aka ce ba a sani ba ta mai da kwanon.

Ta koma Dembe, amma ba ta ƙara zuwa mayanka ba. Hamani ya sa kafinta ya yi mata tebur mai tsawo da kujera mai jingina, tana sayar da yaji da daddawa da busasshiyar kuɓewa a bakin layin mahauta. Tana tafiya a karkace, ƙafar hagu tana ɗan ja. Daga kujerar take yi wa masu wankin kayan ciki faɗa, su sa safar roba, su daina taɓa ɗan tayi, su durƙusa da gwiwa in za su ɗaga daro. Wasu suka ji, da yawa suka ce safa tana hana su jin santsin hanji.

Wata rana ta ga Fadima, wata matashiya mai wankin tumbi, tana dafe ƙugu. Ba ta bar ta ta sha iska ba sai da ta tasa ta gaba har wurin likitar nan. Aka duba Fadima tsaf. Ba zazzaɓi, ba rama, ƙafa lafiya. Likitar ta ce tsoka ce ta gaji da sunkuyo, kuma yawancin ciwon baya irin wannan ne, ta ɗora daronta a kan benci, ta riƙa miƙewa tana takawa, zai wuce.

A hanyar komawa Fadima ta yi ta mita, an sa ta asarar kasuwar yini guda a banza.

"A banza?" Zaliha ta tsaya cak a tsakiyar hanya, ta doka sandarta a ƙasa. "An kwantar da ke, an taɓa ki, an tambaye ki, an gaya miki abin da ke damun ki tun rana ba ta faɗi ba. Wuce mu tafi, kafin in faɗi abin da ba shi ke nan ba."