Ƙwaryar da Yayata Ba Ta Miƙa Ba

Shekarun baya, a gidajenmu na Kiristocin Samaru, ruwan inabi abin coci ne, sai ranar Jibin Ubangiji ake ɗanɗana shi. Abin tarar baƙo a gida burukutu ne. Yau kuwa ka buɗe firij a gidan ƙaramin ma'aikaci, za ka tarar da jan ruwan inabi na kwali kusa da robar zoɓo.

A farkon shekarun dubu biyu abin ya shigo. Lokacin, saboda rikice-rikice, mutane sun fara tsoron zaman mashaya, kowa ya fi so ya sha a ɗakinsa. Kwalin nan ga araha, ga kama da lemo. Ka sa shi a leda ka hau acaɓa daga Sabon Gari har Samaru, ba mai kallonka. Tulun burukutu kuwa ƙamshinsa ke riga ka isa.

Ni na san ko mene ne a cikin kwalin. Na yi karatu a Faransa, na koyar a Kamaru. A can, irinsa lebura ke kora burodi da shi, mata su zuba ragowar a miya. Bafaranshe ba zai ajiye wa suruki shi ba. Amma a nan sunan Turanci a jikin kwali ya isa.

Yayata ce ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da dafa burukutu ta kai ni makaranta. A wajenmu, ranar da dangin miji suka zo gaisuwar neman aure, babbar macen gida ce ke miƙa wa babban baƙo ƙwaryar farko daga dafuwar hannunta. Ƙwaryar nan ita ce amsa. Da aka sa ranar zuwan masu neman 'yata, yayata ta jiƙa dawa tun mako guda kafin nan, ta shanya tsiro, ta kwana biyu a bakin wuta.

Ni kuma sai na ji ango likita ne, yayyensa duk malaman jami'a. Na shiga Sabon Gari. Mai shagon, wani Inyamuri, ya ce, "Oga, yanzu duk manya wannan suke sha." Na yi dariya a raina, na sayi katan biyu.

Ranar da safe yayata ta iso da tulu a ka, ta sa zanenta na zuwa coci.

"Auta, ina zan sauke?"

"Yaya, ajiye shi bayan kicin tukuna."

"Bayan kicin? Inda kaji suke?"

"Mutanen nan 'yan boko ne, Yaya. Kada su ɗauka mu..."

"Su ɗauka mu me?" Ta dube ni. "Ƙarasa mana, Bature."

Ta kai tulun bayan kicin da kanta.

Baƙi suka cika falo, na zuzzuba musu na kwalin a kofunan gilas, har ina nuna musu yadda ake juya kofi a shaƙi ƙamshi. Ƙamshin me, oho. Babbansu, wan mahaifin ango, tsoho ne manomi da ya taso tun daga ƙauye. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye.

"Malam, wannan maganin tari ne? To, mun sha. Ina uwar gida? Mu ƙwaryarta muka zo sha. Ko ba a karɓe mu ba ne?"

Malaman jami'ar duk suka gyaɗa kai. Ɗaya ma ya ce tun a mota yake haɗiyar yawu.

Na fita da sauri. Bayan kicin sai shaidar gindin tulu a ƙasa. Matata ta ce yayata ta tsaya a bakin taga, ta ga ana ɗaga kofuna, ta aza kayanta ta tafi. Na bi ta a mota har gidanta. Na tarar ta tuntsurar da burukutun a kwata, tana ɗauraye tulun.

"Yaya, ke suke nema. Don Allah ki zo."

"Su suke nemana, ba kai ba. Koma ka ba su na kwali."

An yi auren, bayan na sha ba tsohon haƙuri. Yayata ta zo coci, ta zauna a layin baya, ta ba amarya zane.

Na iya harsuna biyar, amma ban samu wanda zan roƙe ta da shi ta ji ba. Ba don na ɗauka kwalin ya fi ba na saya, shi ne abin da ke cina har yau. Na san bai kai ba. Kunyar nuna ta a gaban baƙi na ji.

Ta rayu shekara shida bayan nan. Muna gaisawa, tana tambayar yara. Amma ba ta sake jiƙa dawa ba, ba ta koya wa kowa ba, kuma duk 'yan matan gidanmu da aka aurar daga baya, ba wadda aka miƙa wa ƙwarya.