Ruwan kifina a bakin Malam

Malam Idi, abokin babana, ya kurkure baki sau biyu kafin na gane butar da ya ɗauka.

Bokal ɗin kifina, wato tulun gilashin da nake kiwonsu a ciki, ba shi da injin tacewa, ciyayin ciki ke aikin. Duk Asabar nakan rage ruwan, in tara tsohon a wannan butar don shukar Inna.

Na ce, "Malam, ruwan kifi ne. Amma kashinsu kaɗan ne, ciyayi sun shanye mafi yawa."

Ya tofar. "Ɗana, karatun lisansin da kake yi a jami'a ke nan? Da ka tsaya a maganar farko, da mun rabu lafiya."

Yau da butarsa ya zo, tun daga unguwarsu, Cissin.

Da ku ne, za ku faɗa ko ku yi shiru?