Ranar da Muka Cire wa Kwamfuta Makulli

Kwamfutar da muka fara ajiyewa a gidanmu na Yelwa ta hannu ce, fara amma ta soma komawa ruwan ƙasa, ga ƙatuwar ƙeya da ta cinye rabin teburin ɗakina. Maigidana ne ya ɗauko ta don in riƙa ƙarasa aikin ofis a gida. Lokacin ina buga takardu a wata ma'aikata, Jihar Kebbi tana da sauran ƙuruciya, kowane oga kuwa da tarin abin da yake so a buga masa tun jiya. In aka kunna ta sai ta yi gurnani, ta yi ta tunani, sannan ta tsaya cak a kan wani shuɗin allo mai ɗan farin akwati a tsakiya. Ba ta gaba sai an rubuta mata kalmar sirri. Maigidan ne ya sa mai shagon da ya sayar masa ya saka, wai don kada yara su shiga su yi ɓarna. Daga ni sai shi muka san kalmar.

Inna, mahaifiyata, tana tare da mu a lokacin. Bayan rasuwar Baba ba ta da kowa sai ni, maigidan da kansa ya gina mata ɗaki a bayan gida, ya fitar mata da ƙofarta daban. Bagungiya ce, a wani tsibiri aka haife ta can wajen Ngaski. Da aka tsare kogi a Kainji ruwa ya hau, aka kwashe su zuwa tudu, tsibirin ya nutse da gidajensa da gonakinsa. Mahaifiyarta ta rasu kafin tashin, kabarinta yana nan ƙarƙashin tafkin. Inna ba ta son wannan zancen. Ko a jirgin ruwa muke za mu Wara, in aka zo wani wuri sai ta ja mayafi ta rufe fuska har a wuce.

Wata rana na ji labarin wani tsohon malamin makaranta a Wara yana da hoton tsibirin, wanda wani Bature mai awon ƙasa ya ɗauka kafin zuwan ruwa. Na bi ta hannun mutane har ya ba ni aro, da gargaɗi mai yawa. Na kai wa Inna da ɗokina. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta kai shi bakin hanci, ta miƙo mini.

"Ban ga komi ba sai duhu," in ji ta.

Ashe yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kafin in mayar wa mai shi sai na kai wani shago aka ɗauki hoton aka sa mini a faifai. Na zo gida na ɗora shi a fuskar kwamfutar, ba da wata manufa ba, don dai ado.

Bayan la'asar Inna ta shigo ɗakina in sa mata zare a allura. Ina cikin laluben kafar allurar na ji ta ce, "La'ilaha illallahu." Na ɗago. Tana tsaye gaban tebur, hannu a ƙirji. Abin da takarda ta hana ta gani, hasken da ke fitowa daga bayan gilashin ya nuna mata.

"Wagga tsamiya ta bakin mashaya ta. Nan munka riƙa ɗaure jirage. Wanga rumbu na ƙanen Baba na." Yatsanta yana yawo a gilashin, sai ya tsaya a kan wata mata da ke ƙofar wani gida da ƙwarya a ka. "Ke, ƙara mini girmanta."

Na ƙara. Fuskar ta ɗan dushe, amma tsagen kumatu ya fito, da yadda matar ta karkatar da wuya gefe guda.

"Innata ta," Inna ta ce, ta zauna daɓas a ƙasa.

Tsigar jikina ta tashi. Ni ban taɓa ganin kakata ba, Inna kuwa rabonta da wannan fuskar tun tana budurwa. Ga ta nan a ɗakina, a cikin akwatin da nake buga wasiƙun neman hutu. Har yau in na tuna sai in ji girman Allah ya cika mini zuciya.

Daga ranar ya zama al'ada. In na dawo aiki, in akwai wuta, zan tarar da ita a bakin ƙofata tana tsinkar zogale ko wani abin da bai kai ya kawo ta nan ba. In kunna, in rubuta kalmar, in ba ta wuri. Ba ta taɓa cewa in kunna mata ba, zama kawai take yi.

Ana haka sai ga canjin wurin aiki, an mayar da ni Birnin Kebbi. Ba zan riƙa zuwa gida ba sai jefi-jefi. Inna ta ce ba inda za ta, ita ba ta iya barci inda ba ta jin ƙamshin ruwa. Kwamfutar zan bar mata, wannan ba matsala ba ce. Matsalar ita ce wa zai buɗe. Maigidan ya san kalmar, amma surukinta ne. Matar da ko ruwa ba ta sha a gabansa, wadda in ta ji ƙarar babur ɗinsa take shigewa ɗaki ta saki labule, ita ce za ta ce masa zo ka nuna mini uwata? Na san halinta, gara ta haƙura har ta koma ga Allah.

Sai na ce bari in koya mata. Na ɗauko jan farce na ɗiga a kan haruffan da za ta danna. Inna ba ta yi boko ba, idon kuma ga yadda yake. Ta danna ɗaya ta riƙe, harafin ya yi ta zuba. Ta sake, ta tsallake wani. Abin haushin ma, duk abin da ka rubuta ba ya fitowa, sai wasu 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe, ba ka san inda ka kauce ba. Kwamfutar kuwa ba ta san tsohuwa ba, ba ta san lallashi ba, ta dawo da farin akwatinta ta zuba mana ido. Na zage ta tas, kamar mai kunnen ji. Inna ta goge yatsanta a zane ta miƙe.

"Bar shi hakanan. Na gane ta, ya isa. Da can ma da mi nika ganinta?"

Wannan maganar ta fi komai ci mini rai. Na tafi ofis washegari fuskata a murtuke.

Akwai wata abokiyar aikina, Kirista ce daga wajen Shanga, ita ke buga wa cocinsu takardun waƙa, ta kuma taɓa zuwa kwas ɗin kwamfuta a Kaduna. Ta dame ni da tambaya har na faɗa mata. Sai ta kwashe da dariya.

"Haba 'yar'uwa, a kan wannan kike ta hura hanci? Ai ana cirewa."

"Ana cire me?"

"Tambayar. Sai a ce mata ta riƙe kalmar da kanta, ta shiga abinta."

Na yi sororo. Ni duk zatona haka aka ƙera ta, kamar yadda aka halicci akuya da ƙaho. Ban taɓa kawowa a raina cewa abu ne da mutum ya sa, mutum kuma zai iya ɗagewa ba.

Da na kai wa maigidan zancen sai ya fara nasa. Ya ce ina na taɓa ganin an bar shago a buɗe an tafi kasuwa, yaran nan fa ba sa jin magana. Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru, na ce sirrin me ke ciki, lissafin taskar gwamnati? Muka ɗan yi sama-sama. Can na ce masa to shi ke nan, shi zai riƙa buɗe wa Inna kullum. Ya tsaya.

"Don Inna ne?"

Ashe bai san abin da take zuwa yi ɗakina ba. Ya sunkuyar da kai, kunya ta kama shi kamar tana wurin. Ya ce a cire, in ma akwai wani abin da ake ƙarawa a ƙara.

Ranar Asabar da hantsi abokiyar tawa ta iso a kan kabu-kabu, Allah ya taimake mu akwai wuta. Ta zauna, ta buɗe wani ɗan akwati ta rubuta gajeriyar kalma, sai ga wata taga da ban taɓa sanin tana ciki ba. A samanta akwai layin Turanci da 'yar alama a gefe, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Ta ce wannan layin ne ke cewa dole kowa ya faɗi kalma kafin ya shiga. Ta taɓa alamar, ta ɓace. Ta sa ni na rubuta kalmar sirrin na maimaita, ta ce to yanzu ta ajiye ta a cikinta. Ta kuma gyara yadda in an danna babban maɓallin zai kashe ta lafiya lau, ba sai an bi wata hanya ba.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Kashe ki kunna."

Na kashe na kunna. Ta yi gurnaninta, ta yi tunaninta. Shuɗin allon ya leƙo, na riƙe numfashi ina jiran farin akwatin. Bai zo ba. Ta wuce abinta kai tsaye, sai ga tsamiya, ga jirage, ga matar da ƙwarya a ka. Na sake kashewa na kunna don in tabbatar ba gizo idona ke yi mini ba. Wai wannan 'yar alamar ce ta tsaya tsakanin Inna da mahaifiyarta, ta hana ni barci, ta haɗa ni faɗa da mijina. Na kama salati, abokiyar tawa tana ta yi mini tsiya wai na zama 'yar ƙauye.

Na kira Inna ta gwada. Ta leƙo, ta ga baƙuwa, ta ce ita tuwo take tuƙawa. Na nuna mata maɓallin daga nesa, na ce shi kaɗai za ta danna. Ta ce ta ji. Har na tafi Birnin Kebbi ban ga ta taɓa shi ba, wayar hannu kuma ba ta iso mana ba tukuna balle in tambaya. Na yi makonni ina saƙawa ina kwancewa.

Ranar da na samu zuwa gida, da rana tsaka na iso, ba wuta. Muka gaisa da Inna a tsakar gida, ta kawo mini fura, ba ta ce komai game da kwamfuta ba, ni kuma na ji tsoron tambaya. Muna zaune sai yaran unguwa suka kaure da ihu, an kawo wuta. Kafin in ajiye ludayi Inna ta miƙe. Na bi bayanta. Ta shiga ɗakina ba laluben komai, ta sa yatsa ta danna maɓallin, ta ja kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa tana jira. Hoton ya fito.

Ta fara magana da Gunganci, a hankali, irin muryar da ban san ta da ita ba. Kaɗan nake tsinta, na ji dai ta ambaci ruwan bana da shinkafa. Sai ta miƙo hannu baya ta kamo bakin zanena ta jawo ni.

"Durƙusa ki gaishe ta."

Na durƙusa. Ta juya ga matar mai ƙwarya, ta koma Hausa.

"Inna, ga ɗiyata da nika ba ki labari. Ita ta wagga. Ta zaka."

Ni 'yar fari ce. Tunda na yi wayo daga "ke" sai "yarinyar nan", ko a gaban Baba ban taɓa jin ta ce ni tata ce ba. Na sunkuyar da kai gaban hoton, na gaishe da kakata.