Amsar da Na Haɗiye

Kakata Iya Abu ba ta yi wa bango tatsuniya. In an sauke tuwo a gidanmu na Dala, sai ta jawo kaskon wuta gabanta, ta buɗe labari, sannan ta yi gum. Sai kowa ya amsa mata, har mai gyangyaɗi, kafin ta ci gaba. "Ni ba rediyo ba ce," in ji ta. "Kai Sabo, bakinka ciwo yake?"

Akwai guda ɗaya da har yau take tayar mini da tsigar jiki. Wata mata ce mai waƙar niƙa, ana jin muryarta har bayan ganuwa. Wani falke ya lallashe ta ta rera a cikin gora, ya toshe, ya yi garuruwa masu nisa da ita. Duk inda ya buɗe, jama'a su yi cincirindo. Sai dai a can ba wanda ya san amshin waƙar. Muryar takan kai gaɓa ta tsaya tana jira, shiru. Matar ta mutu, aka binne ta, muryar tana can tana jira.

"Iya, yaushe za ta daina?"

"Wa ya ce maka ta daina?" Ta tona garwashi, ta ce mu je mu kwanta.

Yanzu sana'ata ɗaukar wasan daɓe da kyamara, a haska shi a silima don na nesa su gani. Bara muka ɗauki wani a Gwale. Baba Talatu, tsohuwar 'yar wasa, ita ke buɗe shi da tatsuniya. Ranar farko tari da kukan goyo da ƙarar waya suka ɓata mana sauti. Ni da bakina na ce a sake washegari, ban da 'yan kallo.

"Ɗan nan, to wa zan yi wa?" ta tambaye ni.

"Baba, ai duniya ce za ta gani."

Ba ta yi musu ba. Ta zauna a tabarma, ta buɗe labari, ta ɗaga kai ta dubi kujerun da ba kowa. Ta jira. Ina bayan kyamara, amsar ta zo mini har baki, na haɗiye ta don kada in ɓata sauti.

Allah Ya yi mata rasuwa kafin a fara haskawa. Wurin tacewa an ce in yanke shirun, hannuna ya ƙi. Na shiga silima sau uku na gani: fuskarta ta cika bango, tana duban mutane, su kuma suna cin gugguru. Ba laifinsu ba ne, ba a amsa wa majigi.

Ina yaro na ɗauka Iya masu murya take ja wa kunne. Ashe da falken take. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau ɗaya tak Baba Talatu ta yi wannan jiran da ranta, kuma taku biyar ne tsakaninmu.